Turancin Zaman Ƙetare: Idan Aka Tambaye Ka “Background”, Me Ake Son Ji?

Wannan makon zan tsaya ne a kan kalmomin da Turawa ke kwatanta wuri da su, da abin da ke kewaye da mutum, da kuma inda ya fito. Mu a Hausa kalmomi uku ne suka ɗauke mana yawancin wannan aiki: asali, muhalli da yanayi. Bature kuwa ya rarraba aikin ga kalmomi da dama, kowace da mazauninta. Wanda ya sa ɗaya a gurbin wata yana iya rasa aikin da ya cancanta, ko a dawo masa da takardunsa.

Babbarsu ita ce “background”. Ma'anarta ta farko ita ce abin da ke bayan mutum a hoto. Shi ya sa za ka gan ta a ƙa'idojin hoton fasfo da biza: Amurka tana son bayanka ya zama fari ko kusa da fari, Birtaniya kuma tana son bango mai haske marar zane. Idan aka ce “plain background”, kada ka tsaya gaban labule mai furanni.

Inda ta fi kayar da mutanenmu shi ne wurin ganawar neman aiki. Za a ce maka, “Tell us about your background.” A tarbiyyarmu, wanda aka tambayi asalinsa yakan fara da garinsu da gidansu, ya faɗi ko ɗan wane ne, har ya kai ga iyalinsa. Masu ɗaukar aiki ba wannan suke jira ba. Suna son jin abin da ka karanta, inda ka yi aiki, da abin da ka ƙware a kai. Ka fara da “My background is in nursing” ko “in accounting”, ka kawo shekarun da ka yi da misali ɗaya ko biyu, ka tsaya. A Birtaniya dokar Equality Act ta 2010 ta hana nuna bambanci wajen ɗaukar aiki saboda launin fata, addini ko shekaru, don haka masu ganawar kansu sukan kauce wa irin wannan zance. Idan ka shiga ba su tarihin zuriyarku, ka cinye lokacinka a kan abin da ba za su ba ka maki a kai ba.

Amma idan ka ga “ethnic background” a fom, to nan kam asali ake nufi, kuma sau da yawa akwai gurbin “prefer not to say” ga wanda ba ya son faɗa. “Background check” kuma binciken tarihin mutum ne, musamman ko an taɓa samun sa da laifi. A Ingila da Wales hukumar DBS, wadda aka kafa a 2012, ita ke ba da takardar, kuma duk mai neman aikin kula da yara ko tsofaffi zai haɗu da ita. A Amurka har masu ba da hayar gida sukan yi irin wannan bincike. Ɗalibi kuma ya san “background to the study”, wato shimfiɗar da ke nuna yadda matsalar da zai bincika ta samo asali.

“Environment” ita muke fassarawa da muhalli, amma ba ta tsaya ga itatuwa da iska da ruwa ba. “Work environment” na nufin yadda zaman wurin aiki yake. Baƙi a Birtaniya sun san “hostile environment”, manufar da Theresa May ta ambata a 2012 tana sakatariyar harkokin cikin gida, wato a ƙuntata wa marasa takardar zama ta hanyar aiki da haya har su gaji su tafi.

“Surroundings” ta fi kusa da jiki: abin da idonka ke gani a inda kake tsaye. Kullum da harafin s take zuwa a ƙarshe. Idan jami'a ko 'yan sanda suka rubuta “be aware of your surroundings”, gargaɗi ne: ka ɗaga kai daga waya, ka lura da wanda ke bayanka.

“Setting” kuwa irin wurin da ake gudanar da wani aiki ne. Tallar aiki za ta ce ana son mai gogewa “in a care setting”, wato gidan kula da tsofaffi, asibiti ko makamancinsu. A adabi kuma wuri da zamanin da labari ya faru ne.

Kalmarmu ta yanayi sai an yi hattara da ita. Zafi da sanyin yau “weather” ne, na tsawon shekaru “climate”, yadda ka ji zaman taro ko masallaci a ranka kuma “atmosphere”. Idan malami ya rubuta “needs more context” a gefen aikinka, yana nufin ka kawo magana ba tare da bayanin lokaci da dalilin da suka haife ta ba.

Akwai kuma wadda muka taho da ita daga gida. A Abuja, zama a “estate” alamar wadata ce. A Birtaniya, idan aka ce wane ya tashi “on an estate”, galibi gidajen da ƙaramar hukuma ta gina wa masu ƙaramin ƙarfi ake nufi. Mai neman haya ya san wannan kafin ya biya kuɗin ajiya.

Shawarata ita ce, idan tambaya ta shige maka duhu, ka mayar da ita cikin ladabi: “Do you mean my work experience?” Babu mai raina ka don ka nemi ƙarin bayani, kuma matambayi ba ya ɓata. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba kalmomin da ke cikin takardar hayar gida.