Takardar Izni Da Ramukan Ɗan Isa

Ya ku 'yan'uwa na rassa, ba mu manta da ranar 7 ga Nuwamba 2021 ba, ranar da rijiyoyin zinariya suka rufta a Garin Liman, ƙasar Ɗan Isa, cikin Madarunfa. Ƙidayar farko mutum 18. Allah ya jiƙansu. Hukuma ta rufe wurin, amma rufewa ba ta mai da rami gona ba.

Doka ta ce arzikin ƙarƙashin ƙasa na gwamnati ne, ko da gonar gadon kakanka ce. Mai son haƙa sai ya nemi izni daga ma'aikatar ma'adinai, kuma dokar 2022 ta ɗora masa gyaran wuri in ya gama. Mun yarda. To, wa zai tsare shi ya cike, alhali Yamai ta fi kilomita 600 daga nan? Zinariya na ƙarewa zai naɗe tabarmarsa, talaka ya tashi da damina babu inda zai sa gero.

Abin da muke nema: a ajiye kuɗin cike ramuka kafin a sa hannu. Kowane reshe ya gaya wa manoma ran kasuwa, kada su ba da gona sai sun ga takarda, an karanta musu gaban mai gari.