Mu Ɗauki Hoton Garin Nan Kafin A Sake Ɗaukar Mana

Yau wata ƙaramar magana ce ta kawo ni, wadda na san wasu za su ce aikin marasa aiki ne, amma ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe.

A kusa da Tina Junction aka haife ni, tsakanin Dutse Uku da Angwan Rukuba. Kwanakin baya na rubuta sunan unguwarmu a intanet don in nuna wa wani abokina na Kano inda nake zaune. Wallahi kunya ta kama ni. Abin da ya fito shi ne gidaje ƙonannu, hayaƙi, da motocin jami'an tsaro. Ba ƙarya aka yi mana ba, don rikicin Janairun 2010 daga Dutse Uku ya taso, ina yaro a lokacin, kuma iyayenmu ba su manta da na 2001 da na 2008 ba. Sai dai tambayata ita ce, shin iyakar abin da ke nan ke nan? Baƙo ne ke zuwa da kyamara ranar da muke kuka, ya ɗauka ya tafi. Ranar da gari ya yi lafiya kuwa, mu da ke ciki ba mu ɗaukar komai sai hoton biki da na sabuwar shadda.

Ni ba mai hoto ba ne, sakandare na gama na shiga bin Baba kasuwanci. Muna sarin kayan gwari da dankalin Turawa a Farin Gada mu kai Bauchi. A wannan hanya na fara. Wata rana motarmu ta lalace bayan Tilden Fulani, dare ya same mu, babu lantarki ko'ina. Na ɗaga kai na ga taurari birjik kamar an watsa gero a tabarma. Baba ya nuna mini Kaza da 'Ya'yanta suna tasowa daga gabas, ya ce da su manoman garinsu ke lissafin lokaci. Na jingina wayata da dutse na ɗauka. Hoton bai yi wani kyau ba, amma har yau ban goge shi ba.

Tun daga nan na koyi abubuwa kaɗan. Kada ka riƙe wayar a hannu, ka ɗora ta a kan dutse ko buhu, ka sa mata lokaci ta ɗauka da kanta, ka bar ta daƙiƙa 10 zuwa 20 tana shan haske. Ka nemi ƙarshen watan Musulunci, daga 27 zuwa 29, lokacin da babu farin wata. Mafi kyawun lokaci kuma shi ne bayan ɗaukewar ruwa, Oktoba zuwa Nuwamba, kafin hazon hunturu ya rufe sama. Mu a Jos Allah ya ɗora mu a tudu sama da mita 1,200, tsaunukan Shere da muke hangowa ta gabas kuwa sun kai mita 1,829. Mutane na tasowa daga Abuja don ganin dutsen Riyom da ruwan Assop, amma a cikinmu nawa ne suka taɓa zuwa?

To ga inda nake son mu tsaya. Kullum muna jin zafi idan aka kira mu baƙi, muna cewa kakanninmu sun zo tun zamanin haƙar kuza, fiye da shekara 100 ke nan. Gaskiya ne. Amma wanda ke cewa nan gidansa ne, ya kamata ya san gidan. Yaro ya tashi bai san komai ba sai layinsu da Masallacin Juma'a da Taminus, tsoro ya zana masa iyaka, ta yaya zai ji ƙasar nan a jikinsa? Hoton dutse ba zai ba ka takardar zama ɗan ƙasa ba, na sani. Amma zai sa ka taka, ka gani, ka gaisa da mutane, kuma gani ya kori ji.

Na san abin da za a ce. Baba da kansa ya ce mini, "Kai, tauraro zai ba ka abinci ne?" Ba zai ba ni ba, amma bai hana ni ɗaukar buhu ba. Wasu za su kawo maganar hukuncin hoto, to saɓanin malamai a kan mai rai ne, dutse da sama ba su cikin wannan. Magana mafi nauyi ita ce ta tsaro, kuma ba na wasa da ita. Wani yammaci a gefen wani ƙauye matasa suka kewaye ni, suna zaton leƙen asiri nake yi. Ban ga laifinsu ba, su ma an sha kai musu hari. Na gaishe su, na miƙa musu wayar suka duba, ba su ga komai ba sai duwatsunsu da rana na faɗuwa. Ƙarshe ɗayansu ne ya raka ni inda ake hango kwarin gaba ɗaya. Daga ranar na ɗauki darasi: kada ka fita kai kaɗai, ka fara neman izinin masu wuri, kada ka nuna waya wajen shingen jami'an tsaro, kuma idan gari ba lafiya ka zauna gida, taurari ba za su gudu ba.

Don haka matasa 'yan uwana, wayar nan da ke aljihunku ta isa. Mu tara wa ƙannenmu wani abin kallo game da Jos wanda ba toka ba ne. Allah ya zaunar da Filato lafiya, ya jiƙan waɗanda muka rasa, amin.

Wassalam, naku a kullum.