Guzurin matafiyi: tarhon salula a ƙasar waje

Ɗan kasuwar Maraɗi da ya wuce Ɗan Isa ya shiga Jibiya, layinsa na Airtel, Moov ko Zamani ya zama baƙo, baƙo kuwa da tsada ake sayar masa. Kira kaɗan zuwa gida sai kuɗin da ke cikin layin su ƙare, mai jiran kaya a tasha bai ji labari ba.

Inda aka samu sauƙi shi ne Mali da Burkina Faso: a watan Nuwamba 2024 ƙasashen AES uku suka sa hannu a Yamai kan soke ƙarin kuɗin da ake ɗora wa layi in ya ƙetare iyaka. Sauran wurare dabara ce ke fid da mutum. Tarho mai gurbin layi biyu, irin su Tecno da Itel da suka cika kasuwa, ya wadatar: na gida a bar shi don karɓar saƙo, a rufe masa intanet, a sayi na ƙasar da aka sauka. WhatsApp ba ya barin lambar Nijar don an canza layi, abin da ma'aikata da yawa masu zuwa taro ba su lura da shi ba.

Amma a Najeriya ɗan ƙasa da mazauni sai da lambar NIN suke rajistar layi, baƙo mai gajeren zama kuwa da fasfonsa. Dubai ta toshe kiran murya na WhatsApp, sai a koma Botim. Sin kuwa ta rufe shi tun 2017, don haka mai zuwa sarin kaya Guwanzu ya buɗe WeChat tun yana gida, ya kuma saka wa yaron shagonsa.