Dodon Fim da Dodon Daji

'Yan'uwa malamai, da wuya a tashi taron iyayen yara da malamai, daga Ikara zuwa Makarfi har Hunkuyi, ba a sami wanda ya miƙe ya yi kuka da wayar salula ba. Yanzu kukan ya sami sabon amshi: wai 'yan manyan azuzuwan sakandare sun kamu da son fina-finan Amurka na yankan matasa, waɗanda masu shagon tura fim ke zuba musu a katin waya. Maganin da ake kawowa kullum ɗaya ne: a ƙwace waya, a fasa kati, a zane yaro a gaban ɗalibai. Ina ganin wannan dukan taiki ne aka bar jaki, kuma bai dace da masu riƙe da alli ba.

Kafin a yanke hukunci, a san abin da ake hukuntawa. Uban tafiyar wannan nau'i shi ne Scream, wanda Wes Craven ya ba da umarninsa, Kevin Williamson ya rubuta, ya fito a 1996. Tun daga Halloween na 1978 ake yin fim ɗin mai rufe fuska da wuƙa yana bin 'yan makaranta, har masu kallo suka haddace takunsa. Abin da Scream ya zo da shi shi ne ya sa matasan cikin fim ɗin su ma sun haddace. Ɗaya daga cikinsu, Randy, ma'aikacin shagon hayar kaset, yana tsayar da kallo ya karanta wa abokansa dokokin tsira: a guji alfasha, a guji giya da ƙwaya, kuma kada mai fita ya yi alkawarin dawowa yanzun nan. Biyun farko, in ba a faɗi daga bakin wa suka fito ba, sai a ɗauka huɗuba ce.

Wannan shi ne abin da ke jan yaro, kuma mu Hausawa bai kamata ya zame mana baƙo ba. Wace kaka ce ta taɓa yin tatsuniyar Dodo ba tare da jikokinta sun riga ta sanin inda yarinya mai taurin kai za ta faɗa ba? Suna maƙale da juna don tsoro, suna kuma gyara wa tsohuwa in ta tsallake gaɓa. Daɗin yana cikin haɗuwar biyun, wato faɗuwar gaba da kuma sanin cewa ka fi wanda ke cikin labarin wayo. Tsoro ne mai doka da iyaka, da an ce ƙurunƙus ya ƙare. Muna koyar da wannan a darasin adabin baka, mu ba shi maki a jarrabawa, amma da ya zo da fuskar roba ta waya sai mu ce annoba.

Masu cewa fim ne ke haifar da 'yan sara-suka, su tuna daba ta daɗe a biranenmu kafin wayar salula ta shigo ƙasar nan a 2001. Ban ce a kunna wa ɗan aji ɗaya fim mai jini ba. Ko a Amurka an yi wa Scream alamar ba na yara ba ne, kuma haƙƙin uba ne ya san abin da ke cikin wayar ɗansa.

Amma akwai wani sashe na fim ɗin da ya kamata ya ƙona mana rai. Shugaban makarantar garin, da aka fara kashe-kashe, abin da ya iya shi ne ya kori yara biyu don sun sa fuskar roba suna tsokana, ya rufe makaranta, sannan aka bi shi har ofis aka kashe. Manya ba su tsare kowa ba. Yaron Arewacin Kaduna ba ya bukatar a fassara masa wannan. Ya ji labarin Ƙanƙara a Disambar 2020. Ya ji na Afaka, da na kwalejin Nuhu Bamalli a Zariya, da na makarantar Bethel Baptist, duk a 2021. Ya ji na Kuriga ranar 7 ga Maris, 2024, inda aka dawo da yara 137, malami guda kuma ya rasu a hannun 'yan bindiga. Wannan dodon ba shi da doka: mai natsuwa da kangararre, duk tare ake kora su daji.

Nijeriya ta amince da yarjejeniyar kare makarantu ta duniya tun 2015. Kowannenmu ya duba tasa makarantar, ya faɗi gaskiya: akwai katanga? Maigadin, in akwai shi, me ke hannunsa ban da sanda da tocila? Wane ɗalibi ne aka taɓa koya wa ƙofar da zai bi in aka ji harbi? Randy dai ya ba abokansa dokoki uku. Mu nawa muka bayar?

Saboda haka ina kira ga shugabannin reshenmu da su sa batun katanga, masu gadi da atisayen tsira a kan gaba a zamansu na gaba da sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomin nan uku, a rubuce, makaranta-makaranta, tare da ranar da za a koma a ji amsa.