Cin Amarci a Jirgin Ruwa Lokacin Hutun Kirsimeti

Da zarar kaka ta wuce, hunturu ya kama, sai ɗaurin aure ya yawaita a garuruwanmu, har mutum ya rasa Asabar ɗaya da zai zauna gida. Ma'aikacin gwamnati kuwa yakan adana hutunsa na shekara ya haɗa shi da ranakun 25 da 26 ga Disamba da 1 ga Janairu, waɗanda ba a zuwa ofis. A 'yan shekarun nan waɗansu masu hali sun ƙaro wata al'ada, watau ango ya ɗauki amaryarsa su tashi zuwa Dubai, ko Durban ta Afirka ta Kudu, ko Mayami ta Amurka, daga can su shiga jirgin ruwan shaƙatawa su ci amarci bisa teku. Tambayar da jama'a ke yi ita ce ko wannan ya halatta ga Musulmi, musamman da yake tafiyar ta faɗa cikin bikin Kirista.

Ita dai tafiyar, ba mu ga abin da ya hana ta ba. Sayyidina Usmanu ɗan Affan da matarsa Nana Ruƙayya, 'yar Manzon Allah (S.A.W.), jirgin ruwa suka shiga suka ƙetare Bahar Maliya a hijirar Habasha ta shekarar 615. Ummu Haram ta bi mijinta Ubada ɗan Samit ta teku har tsibirin Ƙubrus, kabarinta yana can. Gaskiya ne tasu tafiyar ta addini ce, amma ta isa ta nuna mana cewa hawan teku da iyali ba baƙon abu ba ne. Shari'a kuma da kanta ta ware wa amarya budurwa kwana bakwai, bazawara kwana uku, sai ga shi galibin waɗannan tafiye-tafiye kwana bakwai ake yi. Ranar 25 ga Disamba kuwa rana ce cikin kwanakin Allah, ba ta haramta abin da yake halal a ranar 24. Za a ƙawata jirgi da fitilu, a yi waƙoƙi, a yi addu'ar coci ga masu so. Musulmi bai shiga ibadar ba, bai kuma ɗaure wa kowa fuska ba, domin Annabi Isa (A.S.) namu ne, maƙwabtaka kuwa hakkinta bai faɗi don an hau ruwa ba.

To, abin da ya kamata ango ya tsaya a kansa shi ne jirgin kansa, domin ba irin kwalekwalen fito ba ne. Icon of the Seas, wanda ya fara aiki daga Mayami a Janairun 2024, yana iya ɗaukar fasinja 7,600, watau gari guda ne yana tafiya, kuma wanda ya shiga ba shi da ƙofar fita sai an zo tasha. A yawancin jiragen nan giya da caca suna cikin manyan hanyoyin samun kamfani, ɗakin caca yakan buɗe da zarar an bar gaɓa. Hadisi ya hana mumini zama a teburin da ake zagaya giya a kansa, alhali ɗakin cin abinci yakan haɗa baƙi da baƙi teburi ɗaya. Sai ango ya nemi teburin mutum biyu tun ranar da ya biya kuɗi, ya kuma tambayi batun naman yanka a rubuce. In ba a samu ba, kifi da sauran dabbobin ruwa duka halal ne a mazhabarmu ta Malikiyya, ba wanda zai kwana da yunwa. Wurin wanka na saman jirgi kuwa, inda maza da mata ke kwance kusan tsirara, ba ma buƙatar mu tsawaita. Wanda ya kai amaryarsa can ya san abin da ya saya.

Salla ita ce muka fi jin tsoro a kanta, ita ce kuma ba a tambayarmu. Wanda ke cikin jirgi matafiyi ne muddin tafiyar ta kai mil 48, sai ya yi ƙasaru, Azahar da La'asar da Lisha raka'a biyu-biyu, Juma'a kuma ba ta wajaba a kansa ba. Tsayawar da jirgi ke yi a tasha ba ta yanke hukuncin tafiya, tun da ba a yi niyyar zaman kwana 4 ba. Amma akwai wurin da ɗalibai da yawa kan yi tuntuɓe: malaman Malikiyya, kamar yadda yake a Muhtasar na Shehu Halilu, sun keɓe rangwamen haɗa salloli biyu ga matafiyin tudu, ban da na teku. Waɗansu mazhabobi sun sauƙaƙa, sai dai mai bin Malik ya sani kowace salla da lokacinta.

Farilla a tsaye ake yin ta, ana fuskantar alƙibla, in jirgi ya juya mai salla ya juya in da hali. Wanda jiri da amai suka kama, ya yi a zaune. Ƙarfen jirgi yakan rikita allurar nuna alƙibla, saboda haka ya fi kyau a duba akwatin talabijin na ɗaki, wanda yakan nuna inda jirgi yake da inda ya dosa, a kuma lura da rana, domin agogon jirgi ba kullum yake daidai da na ƙasar da aka iso ba. Ruwan teku mai tsarki ne, na famfon jirgi ma haka. Asuba fa, ango da amarya, ita ce abar kiyayewa: babu ladan, babu zakara, ga wanka yana jira.

Mai uwargida a gida yana da ƙarin lissafi. Manzon Allah (S.A.W.) ƙuri'a yake yi tsakanin matansa in zai yi tafiya. Malamanmu sun bai wa miji zaɓi a tafiyar da ba ta hajji ko yaƙi ba, amma matar da ta yi shekara 15 tana ɗaka ba ta taɓa ganin ko tafkin Tiga ba, ta ga an kai amarya teku, fiƙihu kaɗai ba zai kashe wannan wuta ba. A yi mata alkawarin nata, a kuma cika.

Sa'an nan kuɗi. Makon Kirsimeti da na sabuwar shekara suna cikin mafi tsada a wannan harka, ga tikitin jirgin sama, ga biza, wadda mai fasfon Nijeriya kan buƙaci fiye da ɗaya in jirgin zai ratsa ƙasashe, ga ladan ma'aikata da ake ƙara wa fasinja kowace rana. Attajirin da ya fitar da zakkarsa, ya biya yaran shagonsa, dukiyarsa ce. Amma ma'aikacin da zai ci bashin banki mai ruwa bayan lefe da walima sun riga sun tatse shi, ya haɗa riba da almubazzaranci, ga kuɗin makaranta na Janairu yana bakin ƙofa. Wanda ya daure har tsakiyar Janairu yakan sami jirgin da sauƙi, ya kuma huta da tambayar Kirsimeti gaba ɗaya.

Ga wanda ya nace sai teku, a Disambar 2024 Saudiyya ta ƙaddamar da jirgin AROYA daga Jidda, ba giya, ba caca, da wurin salla a ciki. Daga Jidda zuwa Makka kuwa abin bai wuce tafiyar sa'a guda da 'yan kai a mota ba, sai ango ya nemi izinin da ya dace, su fara da Umra kafin su hau.