Wa Ke Tsaron Ƙofar Gidan Kallo?

Wanda duk ya bi hanyar Sakkwato bayan sallar lisha, daga Sabon Gari ya ratsa Palladan ya nufi Samaru, ya san abin da za mu faɗa. Ran da babu ƙwallo sai masu gidajen kallo su sa fim, galibi na Indiya mai fassarar Hausa. A bencin gaba kuwa ba ka ganin kowa sai yara, waɗansu ko wankan kansu ba su iya ba, sun zura ido ana sare wa mutum hannu, jini na tsartuwa, su kuwa suna tafi. Da safe uwa tana kasuwa wajen neman abin sa wa a baka, sai ta ji labari ɗanta ya fasa wa ɗan maƙwabta kai da katako, wai shi ne jarumi.

Ba a rasa doka ba. Tun 1933 Turawa suka yi dokar duba fim kafin a nuna shi. A 1993 Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar tace fina-finai, wadda ke sa wa kowane fim alama: G watau kowa ya gani, PG sai da babba a kusa, sa'an nan 12, da 15, da 18, watau shekarun da ya kamata mai kallo ya kai. To, madalla. Amma wa aka yi wa wannan alama? An yi ta ne domin silima mai ƙofa da mai karɓar tikiti, irin wadda 'ya'yan manya ke zuwa da mota. Ɗan talaka silimarsa rumfar kwano ce, ko kuwa wayar yayansa, wadda aka kai wa mai tura fim a kasuwa ya cika ta. Can babu mai tambayar shekara. Ko alamar ta fito, da Turanci ta ke, kafin ka ƙifta ido ta ɓace. Mai koko ina ta san PG?

Kada a ce muna roƙon a ƙara wa hukuma bulala. Mun ga yadda a ke amfani da ita. Kano ta kafa tata hukumar a 2001, a 2008 kuwa aka ɗaure Hamisu Iyan-Tama, aka ce ya saki fim ɗinsa Tsintsiya ba da izni ba, fim ɗin da ke kira ga zaman lafiya tsakanin ƙabilu. A 2024 kuma hukumar ta hana fina-finan da ke nuna daba. Lalle niyyar ba ta da laifi, amma an haɗa mai jiƙa da mai shanya. Fim ɗin da ya mai da ɗan daba gwarzo daban, wanda ya nuna uwarsa tana kuka a bakin kurkuku daban. Na biyun nan mu so mu ke samarinmu su gani.

Balle ma daba ta girmi talabijin. 'Yan Mahaukata da aka saka wa 'yan NEPU a Kano a 1953 ba a silima suka koyi dukan mutane ba, masu mulki ne suka ɗaure musu gindi. Har yau wanda ke raba wa samari kuɗi da ƙwaya lokacin zaɓe ba shi da bakin zargin fim.

Abin da mu ke nema kaɗan ne. A faɗi alamar da baki, da Hausa, a farkon kowane fim, har da masu fassara: wannan akwai zub da jini, ba na yara ba ne. Mai gidan kallo ya rubuta ta a allon da ya ke rubuta wasannin ƙwallo, ya ajiye fim mai 18 sai dare ya yi, yara sun watse. Wanda ya ƙi, ba sai an kira ɗan sanda ya zo ya karɓi na goro ya tafi ba. Iyayen unguwa sun isa su hana shi ciniki.

Muna kira ga rassanmu na Palladan da Samaru da Sabon Gari, musamman sashen mata, su zauna da masu gidajen kallo da masu tura fim kafin ƙarshen watan nan. Sakataren kowane reshe ya aiko mana da abin da aka shirya, za mu buga.