Gwamnoni Uku, Hanyar Kilomita Biyar Ta Gagara

Hausawa na cewa alƙawari kaya ne, amma ga dukkan alamu 'yan siyasar jihar Kano sun gano dabarar sauke wannan kaya tun kafin a gama ƙirga ƙuri'a. Duk mai son ganin hujja da idonsa ba sai ya je ofishin kowa ba, ya isa ya tambayi mutanen karkara labarin hanyoyin nan da ake kira kilomita biyar-biyar.

A zangon mulkinsa na biyu, wato daga 2011 zuwa 2015, Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso ya ƙaddamar da aikin shimfiɗa tagwayen hanyoyi masu tsawon kilomita biyar, da magudanan ruwa da fitilu, a kowace ɗaya daga ƙananan hukumomi 44 na jihar. In aka yi lissafi kilomita 220 ke nan. Aka kawo katafila, aka kankare ƙasa, aka rushe abin da ya tare hanya, talakawa suka yi ta sa albarka. Har wa'adin gwamnatin ya cika, da yawa daga cikin hanyoyin ba su kammalu ba. Sai ƙura da rani, taɓo da damina.

To, abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne wannan: a lokacin da aka ba da kwangilolin, Mataimakin Gwamna shi ne Abdullahi Umar Ganduje, Kwamishinan Ayyuka kuwa shi ne Abba Kabir Yusuf. Ashe ke nan mutum ukun da suka mulki Kano a jere tun daga 2011 duk suna zaune a majalisar zartarwa guda ranar da aka yi wa talaka wannan alƙawari. Babu wanda zai ce gadon aikin ya yi daga baƙo. Amma da siyasa ta raba Ganduje da maigidansa, sai aka shafe shekaru takwas, daga 2015 zuwa 2023, yawancin hanyoyin suna yashe, kamar kwalta ma tana sa jar hula. Gwamnatin da ta hau a 2023 ta koma kan wasu daga cikinsu, kuma wannan abin a yaba ne, illa iyaka aikin da aka jinkirta shekara goma farashinsa ya ninka, kuma daga aljihun talakan nan da ya sha ƙurar za a sake biya.

Kada wani ya ce rashin kuɗi ne ko rashin kayan aiki. A watan Maris na 2019, da hukumar zaɓe ta ce zaɓen gwamna bai kammalu ba, mazaɓar Gama ta zama ita ce raba gardama. Cikin 'yan kwanaki sai ga motocin gyaran titi, ga masu haƙa rijiyoyin burtsatse, ga masu kwashe shara, duk sun yi wa unguwar dirar mikiya. Abin da aka kasa yi cikin shekara huɗu ya yiwu cikin mako biyu. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa mahukunta sun san inda ke yi wa jama'a ƙaiƙayi sarai, sai dai ba sa sosawa sai ranar da kujera ta fara rawa.

Haka aka yi da jirgin ƙasa. A 2016 aka shelanta yarjejeniya da wani kamfanin ƙasar Sin ta dala biliyan 1.85 domin jirgin da zai riƙa zirga-zirga a cikin birni. Har gwamnatin ta sauka a 2023 babu wanda ya ji ƙararsa. A 2019 aka ƙaddamar da ilimi kyauta kuma dole, da ganguna da jawabai. Shekara biyar bayan haka, a 2024, gwamnatin da ta biyo baya ta kafa dokar ta-ɓaci a kan ilimi, tana kokawa da yara masu ɗaukar darasi a zaune a ƙasa. In ilimin ya samu kamar yadda aka yi alƙawari, ta-ɓacin mene ne kuma?

Ita ma sabuwar gwamnatin da me ta buɗe mulki? Da rusau. A watan Yuni na 2023 aka rushe shaguna a Filin Idi, aka kuma baje shataletalen ƙofar gidan gwamnati da aka gina domin bikin cikar jihar shekara 50. 'Yan kasuwa suka garzaya kotu, Babbar Kotun Tarayya ta yanke diyyar naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Ko da an yarda cewa sayar da filayen jama'a da aka yi tun farko zalunci ne, wa ya biya kuɗin ginin, wa ya biya na rushewa, wa kuma ya biya diyyar? Baitulmali guda ne, kuma ba gadon gidan kowane gwamna ba ne. Alhali a wannan birni da gadojin sama suka yi wa ƙawanya, har yanzu unguwanni da dama da ɗan garuwa suka dogara.

Abin takaicin shi ne, wanda ya fi kowa shan wuyar wannan wasa shi ne ya fi kowa kare masu yin sa. Matashi ne ke liƙa fosta, shi ne ke zagin sa'an mahaifinsa a rediyo saboda ubangidansa na siyasa, shi ne ake bai wa gora da ƙwaya ranar zaɓe, shi ne kuma ake bari da rauni ko a bayan kanta. 'Ya'yan masu kujerun kuwa ba a taɓa ganinsu a layin gaba ba. Gobe iyayen gidan su shirya, su yi musafaha a gidan biki, shi kuma a bar shi da gaba da maƙwabcinsa.

Saboda haka lokaci ya yi da matasa za su canza tambaya. Maimakon "na wane ne kai?", a riƙa tambayar "nawa aka ware, wa aka bai wa, yaushe za a gama?" Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kason da jihohi ke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru ƙwarai, kuma ana buga alƙaluman kowane wata. A watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa kuɗin ƙananan hukumomi nasu ne, a ba su kai tsaye. Kasafin kuɗin jiha ma ba asiri ba ne. Matasan kowace unguwa na iya samun littafi guda su rubuta duk alƙawarin da ɗan takara ya yi a ƙofar mai unguwa, da rana da wata da shaidu. Ranar da ya dawo neman ƙuri'a, a shimfiɗa masa tabarma cikin mutunci, a karanta masa, ba zagi ba jifa.

Mulki amana ce, dukiyar jama'a ma amana ce, kuma wanda ya ga ana cin ta ya yi tafi saboda mai cin nasa ne, to ya sani da hannunsa a cikin akushin. Allah Ya ba talakan Kano shugabanni masu tsoron ranar hisabi, Ya kuma ba shi idon gane su.